Jeraniyam ɗina ya baje ya daina fure, in tuge shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jeraniyam mai jure sanyi a lambu, irin mai sake tohowa duk shekara. Ya yi fure sosai a watan Yuni, amma yanzu rassan sun kwanta a ƙasa, tsakiya ta buɗe, furen ya ɗauke. Mutuwa zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki tuge shi, lafiyarsa ƙalau. Aski yake so. Ɗauki almakashin lambu ki datse shi duka, ganye da rassa, ki bar kamar santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Ki ba shi ruwa ya ƙoshi, ki zuba ɗan ruɓaɓɓen taki a gindi. Cikin mako biyu zuwa uku sabon ganye zai fito, wasu nau'o'in ma su sake fure kafin sanyi. Na san hannu kan yi nauyi, amma masu tausaya masa su ne ke zama da tarin ganye mai tabo har ƙarshen shekara.

Dalili kuwa, da ya gama fure sai ya juya ƙarfinsa ga iri. Duba inda furen ya faɗi, za ki ga wani siririn kwanso mai tsini kamar bakin zalɓe. In ya bushe sai ya fashe ya cilla irin nesa. Kin datse, kin hana shi wannan wahala.

Sai dai in naki nau'in 'Rozanne' ne, mai fure shuɗi da farar tsakiya, wanda aka samu a wani lambu a Ingila a 1989. Shi ba ya yin iri, shi ya sa yake fure tun Yuni har sanyi ya kama. Rage masa dogayen rassa kawai.

Ki sassauta takin zamani, yawansa ganye yake ƙarawa, rassa su yi laushi. In kuma shukar ta kai shekara 3 zuwa 5 tsakiyar ta tsufa, ki tono ta idan sanyi ya wuce, ki raba saiwar, ki dasa ɓangarorin gefe inda ruwa ba ya kwanciya.

Kafin ki sa almakashi, ki tabbata ba Pelargonium ba ne, wata shukar Afirka ta Kudu da ake sa wa a tukwane, wanda shi ma ake kira jeraniyam: ganyayen furensa biyu na sama sun bambanta da uku na ƙasa, kuma ƙanƙara na kashe shi. Jeraniyam na gaskiya kuwa, duka ganyayen furensa biyar ɗin kai ɗaya suke.