Sankara ta kai ƙashin bayan Mama, mu jira ranar asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan da aka yi wa mahaifiyata aikin sankarar mama. Wata biyu yanzu tana fama da ciwon baya, da dare ya fi tsanani, ko runtsawa ba ta yi. An yi hoto aka ce ciwon ya kai ƙashin baya. Tun shekaranjiya take cewa ƙafafunta sun yi nauyi, sai an riƙe ta take zuwa banɗaki. Kawunmu ya ce sanyi ne, a kai ta wurin mai ɗori. Ranar da aka ba mu ta ganin likita saura mako uku. Hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, kada ku jira mako ukun nan. Yau ɗin nan ku kai ta sashen gaggawa na asibitin koyarwa, ku faɗa musu a sarari: mai sankara ce, ƙafafunta sun fara mutuwa.

Nauyin ƙafar nan shi ya fi tayar min da hankali. Laka ta cikin ƙashin baya take bi, kuma idan ƙari ya girma ko ƙashin ya rufta, sai ya danne ta. Wadda ta iso asibiti da ƙafarta, yawanci da ƙafarta take komawa gida. Wadda ta kwana biyu a shanye kuwa, da wuya ta sake takawa, ko wane irin aiki aka yi mata. Idan fitsari ya fara tsayawa ko yana kufce mata, ko ta daina jin taɓawa a mazaunai da cinyoyi, to abin ya yi nisa.

Sai maganar Kawu. Wallahi kalmar nan ta sanyi ta kwantar da mutane da yawa. Kusan kullum sai na ga irin haka: dattijo mai sankarar mafitsara ko mace mai ta mama, an kawo su a kan tabarma, gadon baya duk shaidar ƙaho da tsaga, an shafe shi da man zafi har fata ta saɓule. Ka tambaya yaushe ƙafa ta mutu, a ce ai an kusa wata. Me aka tsaya yi? Ana ta jiƙo da turare, wani ya ce jifa ne, wani ya karɓe kuɗin gona ya ba da galan biyu na maganin da wai yake warkar da cuta arba'in. Mai ɗori ya san karayar ƙashi mai lafiya. Wannan ƙashin ciwo ya cinye cikinsa kamar yadda gara ke cin azara, danna shi ɗaya zai iya karya shi a kan laka. Kada a bari kowa ya tausa bayanta, ya taka, ko ya ja ta. Ki faɗa wa Kawu cikin ladabi, amma ki tsaya a kan maganarki. Sanyi ba ya hana mutum barci wata biyu sannan ya kashe masa ƙafa.

A asibiti za a fara da maganin dexamethasone don rage kumburi, a yi hoton MRI na ƙashin bayan gaba ɗaya, sannan a yanke shawarar gashi (wato ƙona ƙarin da hasken na'ura) ko tiyata ko duka biyun. Akwai sashen gashi a Shika ta Zariya, da asibitin koyarwa na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja; a buga waya a tabbatar injin yana aiki kafin a ɗauki hanya. Idan an rubuta mata mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, ta sha, ba alamar an sallama ta ba ce. Sankarar mama da ta tsaya a ƙashi, mata da dama suna shekaru da ita a kan magani suna harkokinsu.

Ku ɗauke ta a kwance, bayanta a miƙe, cikin mota, ban da babur ko Keke Napep. Ku tafi da hotunan da aka yi, da takardar sakamakon naman da aka cire mata wancan lokacin, da duk magungunan da take sha, har da na gargajiyar.