Me Ya Sa Fankata Ba Ta Tashi Sai An Tura Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da fankar silin mai ƙwan lantarki a ƙasanta. Duk tsawon hunturu ban kunna ta ba saboda sanyin Jos, da zafi ya shigo a watan Maris sai na tarar tana gunji kawai, ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Sannan tun ranar da aka ɗaura ta, idan na rage gudunta sai ƙwan ya dushe yana ƙyaftawa. Shin matsala ɗaya ce? Daga mai karatunku a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsaloli biyu ne, kuma ta farkon ce ta fi damuna.

Wutar gidajenmu, mai ƙarfin bolt 230, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. A cikin kan fanka akwai naɗin wayar tagulla kashi biyu, wanda masu gyara ke kira koyil, kuma idan wuta ta shiga sai kowanne ya zama maganaɗisu. Da a ce wutar tana isa gare su lokaci ɗaya, da fukafukan ba za su san inda za su nufa ba. Aikin kafasita ke nan, wato ɗan ƙaramin akwatin da ke maƙale a saman fankar: yana sa wutar koyil ɗaya ta riga ta ɗayan da ɗan kaɗan, tamkar mata biyu suna lugude a turmi guda, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, har jan maganaɗisun ya riƙa zagayawa yana tafiya da fukafukan. Idan kafasita ya raunana, sandarki ce ke yin aikinsa.

Kafin ki kira mai gyara, ki kashe makunni ki juya fukafukan da hannu. Idan sun yi tauri, to ƙurar hunturu ta busar da man boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da fankar ke juyawa a kansu. Idan kuwa suna juyawa sumul, yawanci kafasita ne, kuma a saya daidai da lambar da ke jikin tsohon, wadda galibi 2.5 ce. Ina roƙonki kada ki bar ta tana gunji ko na minti biyar, domin wuta na ci gaba da shiga koyil alhali babu juyawa, zafi ya taru har ya ƙone shi, gyaran ƙananan kuɗi ya koma naɗin sabon koyil.

Batun ƙwai kuwa kuskuren haɗi ne. Fanka da fitilarta suna iya tarayya a wayar dawowa, wato nutural, amma kowacce tana buƙatar nata layin wuta da nata makunnin. Ga dukkan alamu wanda ya yi miki aikin ya ɗauko wutar ƙwan ne daga bayan regileta, wato abin rage gudun fanka, mai yiwuwa don gudun jan ƙarin waya daga bango, shi ya sa duk ragin da kika yi wa fanka ke shafar ƙwan, musamman irin ƙwayayen LED na yanzu da ba sa jure wannan ragin. A jawo wa fitilar wayarta daban, a tabbatar makunnin yana yanke waya mai wuta ne, ja ko ruwan ƙasa, a kuma ɗaura wayar kariya, koriya ko koriya mai ratsin rawaya, a jikin ƙarfen fankar. Mai gyaran ya kashe wutar gidan daga babban akwati kafin ya hau tsani.