Ina guguwar rana take zuwa bayan ta wuce mu?

Tambaya daga wani ɗalibi a Garwa: Malam, idan rana ta yi aman wuta, a duniyarmu guguwar take tsayawa?

Amsa: A'a, ɗana. Haske kan iso mu cikin minti 8, guguwar kuwa, wato tarin iska mai tsananin zafi da rana ta watso, kwana 1 zuwa 3, sannan ta zarce. A hanya tana ture siririyar iskar da rana ke fesowa kullum, gudunta na raguwa. Mai sauri kan cimma ta gabanta su haɗe, kamar ruwan rafuka a kogin Binuwai.

Abin da ya fi burge ni shi ne kumbon Voyager 1, da Amurka ta harba a 1977. Guguwar da ta tashi a Maris 2012 ba ta riske shi ba sai Afrilu 2013. Girgizar da ta haddasa a siririyar iskar da ke kewaye da kumbon ce ta tabbatar wa masana cewa kumbon ya fita daga yankin iskar rana.