Mun Fi Su Ƙarfi, Amma Su Ke Lashe Tseren Keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta tseren keke a nan Gombe, kuma kowace Asabar muna atisaye a hanyar Kaltungo. A wajen atisaye mukan bar abokan hamayyarmu a baya, amma ranar gasa sai wani daga ƙungiyar da ba ta kai mu ƙarfi ba ya zo na ɗaya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne, ku biyar riga ɗaya kuke sawa, amma kowannenku tseren kansa yake yi. Abokan hamayyarku kuwa sun zaɓi mutum ɗaya tun kafin a tashi, sauran suka yarda su ƙarar da ƙarfinsu dominsa.

Dalilin da ya sa wannan tsari yake aiki shi ne iska. Idan ɗan tsere yana gudun kilomita 40 a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da yake sa wa feda yana tafiya ne wajen keta iska, alhali wanda ya fake dab da tayarsa ta baya yana rage wa kansa kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar, wanda yake tsakiyar ayari kuma ya fi haka samun sauƙi. Saboda haka mai ƙarfin da ya daɗe yana jan ayari, wato yana gaba yana keta wa saura iska, yana yi wa abokan hamayyarsa aiki ne kyauta. A Tour de France, babbar gasar tseren keke ta ƙasar Faransa da ake yi zango-zango, kowace ƙungiya tana shiga da mutum 8, kuma mafi yawansu sun san tun farko cewa aikinsu shi ne tare wa jagora iska, ɗauko masa ruwa, da ba shi tayarsu ko kekensu idan ya yi faci. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango 3 da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a gasar ta 2024, abokan ƙungiyarsa ne suke ratsa cunkoso da shi su kai shi gaba kafin ya saki gudunsa na ƙarshe.

Wajen zaɓen jagora ku duba hanyar, kada ku duba shekaru ko wanda ya kafa ƙungiyar. Idan tseren zai ƙare a miƙaƙƙiyar hanya, jagoranku shi ne wanda ya fi kowa fizga a mita 200 na ƙarshe, ko da kuwa shi ne yake fara gajiya a atisaye. Idan akwai hawa mai tsawo, irin na wajen Tula, sai a ba wa marar nauyin da hawa ba ya karya shi.

Inda na fi ganin ƙananan ƙungiyoyi suna cutar da kansu shi ne lokacin da wasu suka ɓalle daga ayari. Ku ware mutum biyu su riƙa bin duk wata ɓallewa mai haɗari, suna karɓa-karɓa. Da zarar naku ya shiga cikin waɗanda suka ɓalle, sauranku ba ku da dalilin jan ayari. Ku zauna kusa da gaba, ku bar ƙungiyoyin da ba su da wakili su sha wahalar kamowa. Abin takaici ne ƙwarai ka ga ɗan ƙungiya yana jan mutum talatin a bayansa domin kamo abokinsa. Shi ma wanda ya ɓalle sai ya yi lissafi: idan a cikinsu akwai wanda ya fi shi gudun ƙarshe, kada ya yi ja da yawa, tun da yana da jagora a baya da zai amfana idan aka kamo su.

Hanyarku ta atisaye tana da wata dama da ya kamata ku yi amfani da ita. A lokacin hunturu iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas, don haka mai tafiya kudu daga Gombe zuwa Billiri da Kaltungo ta hagu take bugunsa. A wannan hali mafaka ba ta bayan na gaba kai tsaye, tana gefensa na dama, ɗan baya kaɗan. Idan kuka jeru a karkace haka, kuka matsa kusa da bakin titi na dama har ya zama ku biyar kaɗai ne kuke da mafaka, duk wanda ya biyo bayanku zai sha iska shi kaɗai, kuma cikin kilomita kaɗan ayari yana iya tsinkewa. Kowa ya ja na daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kauce ba tare da ƙara gudu ba, jagora kuma ya taƙaita nasa jan. Sai dai ina roƙonku, a hanyar da ba a tsayar da motoci ba, kada wannan jeri ya sa kowa ya tsallaka tsakiyar titi.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda a ganina shi ne yake rusa tsari fiye da rashin dabara. Ba wanda zai ƙarar da ƙarfinsa ya zo na talatin idan ya san jagora zai tafi da kyautar gida shi kaɗai. Al'adar ƙwararru ita ce a tara kuɗin kyauta a raba wa 'yan ƙungiya har da makanikai da masu hidima. Ku zauna tun daren gasa ku yanke yadda za a raba, ku kuma ambaci wanda zai karɓi jagoranci idan na farko ya faɗi ko kekensa ya lalace.