Tambayoyin Masu Karatu: An Daina Yayin Lamivudine Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah maigidana ne yake da ciwon hanta nau'in B, ya jima yana shan lamivudine, sai abokinsa yace masa wai an daina yayin maganin, yanzu shi kuma yana cewa zai ajiye. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Kafin komai ki roƙe shi kar ya ajiye maganin nan da kansa, don in aka tsaya kwatsam ƙwayar cutar na iya tasowa da ƙarfinta hanta ta kumbura, wasu har sai an kwantar da su, wannan ya fi damuna akan tsufan maganin.

Toh amma abokin nasa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tun 1998 aka amince da lamivudine a Amurka don ciwon hanta B, shi ne ƙwaya ta farko da ake haɗiya, kafin nan allurar interferon ce mai sa zazzaɓi da ciwon jiki, kinga ya yi rana sosai. Matsalarsa ƙwayar cutar tana saurin sabawa da shi ta sauya kama ya daina cin ta, bayan shekara 5 kusan kashi 70 cikin 100 na masu shansa shi kaɗai haka ke faruwa da su, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai a jikinsa, gwajin jini ne kawai ke nunawa. Shi yasa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya tace a fara da tenofovir ko entecavir.

Shi kaɗai dai kasuwarsa ta ci ta watse, amma bai yi ritaya ba, yana nan cikin haɗin maganin HIV, kuma a 2024 hukumar ta yarda a haɗa shi da tenofovir ma masu ciwon hanta inda ba a samun tenofovir zalla.

Maigidanki ya koma wajen likitansa a auna HBV DNA (yawan ƙwayar cutar a jini) da ALT (gwajin da ke nuna kumburin hanta), a duba ƙoda da HIV. In za a canza, wanda ya daɗe kan lamivudine tenofovir ake ba shi, entecavir ba ya kama shi sosai. Ke ma da yara ku je gwaji, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.