Amsa: Rajistar ƙungiyar malaman fiziks kafin fara aiki

Malam, tambayarka ita ce ko dole ne ku yi rajista da Hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kafin ƙungiyar malaman fiziks da kuke son kafawa a jiharku ta fara aiki. Ba dole ba ne. Kuna iya fara taro, ku rubuta kundin tsarin mulki, ku tsara jadawalin shekara, har ma ku nemi inuwar reshen jiharku na STAN, ƙungiyar da tun 1957 take haɗa malaman kimiyya a Najeriya. Amma daga ranar da kuka yanke shawarar karɓar kuɗin membobi, rajista ta zama wajibi a aikace, domin banki na iya ƙin buɗe muku asusu da sunan ƙungiya sai kun nuna takardar shaidar rajista, kuma kafin ta fito sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi.

Na faɗi haka ne saboda mu ma a ƙungiyarmu mun taɓa ƙonewa. Mun riƙa zuba kuɗinmu a asusun ma'ajinmu, mutum ne mai gaskiya ƙwarai, sai aka yi masa canjin makaranta ana saura mako uku bitar da muka shirya kan gwajin aiki na WAEC. Kuɗin sayen batura, wayoyi da gilasan lens suna hannunsa, lissafin kuma yana cikin wani littafi da ya bari a aljihun teburinsa. Kafin mu daidaita, jarrabawar ta riga ta wuce, malamai goma sha biyu suka koma makarantunsu ba tare da sun taɓa kayan ba.