Bidiyon walimar da ya ƙi buɗuwa

Tambaya: Malam, na tono tsohuwar ƙaramar kyamarar bidiyon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Bidiyon walimar saukar ƙanena yana ciki. Na kwafe shi a kwamfuta, amma ya ƙi buɗuwa, sunan fayil ɗin kuma ya ƙare da .MOD. Ya lalace ke nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Amin, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce ya lalace. Fayil ɗin MOD bidiyo ne na tsarin MPEG-2, irin na faifan DVD, sai dai an sauya masa riga. Ki sauke manhajar VLC, kyauta ce, yawanci tana buɗe shi. Daga nan ki juya shi zuwa MP4 da manhajar HandBrake domin ya yi aiki a waya. Idan fuskokin mutane suka fito a matse, ki gyara girman hoton zuwa 16:9, wato tsarin hoto mai faɗi.

Roƙona ɗaya: kada ki goge na asali. Ki ajiye shi wuri biyu, har da ƙaramin fayil na .MOI da ke tare da shi, mai ɗauke da bayanan bidiyon.

Wannan ɗabi'a ta kamfanoni ta fito da nasu tsarin bidiyo na daban tana ci mini tuwo a ƙwarya. A 2001 Sony ta fitar da kaset ɗin MicroMV, ɗan mitsitsi gwanin sha'awa, amma manhajojin tace bidiyo da dama ba su karɓarsa. Yau wanda ke da kaset ɗin sai ya nemo tsohuwar kyamarar da ke aiki kafin ya sake jin muryar mahaifinsa.